Mazaunin Afendis a Cikin Ɗan'adam da Tasirinsa kan Alamomin Kumburinsa da Matsalolin da ke Biyo Baya

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda wurin da afendis yake kwance a cikin mutum ke sauya kamannin ciwonsa idan ya kumbura, da irin ɓarnar da yake bari idan ya fashe. An bi bayanin mazauninsa tun daga Treves da Wakeley, an kwatanta shi da abin da aka samu a Ibadan da Akra, sannan an auna saɓanin masana kan ko afendis ɗin da ya ɓuya a bayan hanji ya fi saurin fashewa. Matsayin maƙalar shi ne mazauni yana jinkirta gane ciwon, jinkirin ke kai shi ga fashewa, sannan mazaunin ya zaɓa wa mugunya hanyar da za ta bi. Wannan ya fi shafar likitan da ke aiki a inda babu na'urar CT, wanda tambaya da tafin hannu ne kayan aikinsa.

Gabatarwa



Babu ɗalibin likitanci da zai fara zagayen marasa lafiya bai haddace labarin kumburin afendis ba. Ciwo ya fara a kewayen cibiya, abinci ya fita a rai, zuciya ta tashi ko a yi amai sau ɗaya ko biyu, bayan wasu sa'o'i ciwon ya tattara ya koma mara ta dama, ɗan zazzaɓi ya biyo baya. Labarin gaskiya ne, kuma yana da asali. A 1886 Reginald Fitz na Jami'ar Harvard ya bi bayanan mutum 257 da afendis ɗinsu ya huje, ya nuna cewa ciwon da a da ake ɗora wa babban hanji daga wannan ɗan reshe yake tasowa, ya kuma nemi a riƙa yin tiyata da wuri. A 1889 Charles McBurney, likitan fiɗa a Amurka, ya nuna wurin da ya fi zafi idan an danna da yatsa ɗaya, a kan layin da ya tashi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya.

Sai dai wannan tsararren labari ba ya zuwa cikakke sai a wajen rabin marasa lafiya ko ɗan fiye da haka. Ragowar su ne suka tsayar da ni a gabanku. Su ake sallama da maganin taifod, su ake yi wa allurar ciwon ƙoda, su ne matan da ake ce wa ciwon sanyi ne, har sai ranar da aka dawo da su a galabaice. Wani babban kaso na wannan ruɗani daga mazaunin afendis ɗin yake.

Gindi a kafe, baki na yawo

Afendis siririn bututu ne mai toshe a ƙarshe. Tsawonsa a babban mutum yakan kama tsakanin santimita 6 zuwa 9, ko da yake an ga na santimita 2, an kuma ga wanda ya kai 20. Daga sikam yake fita, wato aljihun da babban hanji ya fara da shi, kimanin santimita 2 ƙasa da inda ƙaramin hanji ya shigo. Zirin tsoka uku da ke bin jikin babban hanji a tsaye duk a gindinsa suke haɗuwa, shi ya sa gindin bai cika ɓacewa likitan fiɗa ba. Bakin ne ba shi da tabbas. Lamarinsa kamar na akuyar da aka ɗaure a turke ne: turken yana nan inda aka kafa shi, ita kuwa tana kwanciya duk inda igiya ta kai ta.

Littattafan ilimin jiki, suna bin bayanin Frederick Treves na 1885, sukan kwatanta wuraren da fuskar agogo. Ƙarfe 12 shi ne bayan sikam, ƙarfe 11 gefensa ta waje, ƙarfe 2 gaba ko bayan ƙarshen ƙaramin hanji, ƙarfe 4 ya gangara cikin kwarin ƙugu, ƙarfe 6 ya rataya a ƙarƙashin sikam.

Shi kansa sikam ɗin ba a wuri ɗaya yake ga kowa ba, dalilin kuwa tun daga cikin mahaifa ne. A wajen mako na 6 na ciki tsakiyar hanjin ɗan tayi yakan fita zuwa igiyar cibiya saboda rashin wuri, ya koma a wajen mako na 10, yana juyawa digiri 270 saɓanin tafiyar agogo. Sikam yakan fara sauka ƙarƙashin hanta, daga baya ya gangara mara ta dama. Idan gangarowar ta tsaya a hanya, afendis ya zama maƙwabcin matsarmama. Idan juyawar ba ta cika ba, yana iya zama a tsakiya ko a hagu. Akwai kuma wanda aka haifa kayan cikinsa duka a juye, kimanin mutum ɗaya cikin 10,000. Har a cikin gwaiwa an same shi: tiyatar cire afendis ta farko da aka yi nasara, wadda Claudius Amyand ya yi a asibitin St George's na Landan a 1735, a cikin gwaiwar wani yaro ɗan shekara 11 aka tarar da shi, allura ta huda shi.

Abu ɗaya da ba ya sauyawa duk inda ya kwanta shi ne jininsa. Galibi jijiya guda ce ke ciyar da bakinsa, ba ta da mataimakiya a can. Da zarar ramin ya toshe, ko da dunƙulen kashi mai tauri ko da kumburin naman garkuwar da ke bangonsa, sai majina ta taru, matsi ya ƙaru, jijiyar ta daskare, bakin ya fara ruɓewa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Adadin da kowa ke kawowa na Cecil Wakeley ne, wanda ya buga nazarin mutum 10,000 a 1933. Ya sami kashi 65 cikin 100 a bayan sikam, kashi 31 a kwarin ƙugu, kashi 2 a ƙarƙashin sikam, kashi 1 a gaban ƙaramin hanji, ƙasa da rabin kashi ɗaya a bayansa. A Ibadan, T. F. Solanke ya buga nasa nazarin kan 'yan Nijeriya a 1970, inda na bayan sikam bai kai rabi ba. A Akra kuwa, Clegg-Lamptey da abokan aikinsa a 2006 sun sami adadin da ya yi kusa da na Wakeley, wajen biyu bisa uku. Binciken da aka yi kan masu rai ta hanyar tiyatar kyamara sau da yawa ya fi samun sa a kwarin ƙugu.

Ban ga dalilin da zai sa mu mayar da wannan bambanci zancen launin fata ko ƙabila ba. Gawa daban, mai rai daban. Wanda aka hura wa iska a ciki aka karkata gadonsa daban. Kuma abin da wani mai bincike ya kira bayan sikam wani gefen sikam zai kira shi. Abin da ya tabbata ya isa: a kowace al'umma, mutane masu yawa afendis ɗinsu ba ya taɓa bangon ciki na gaba. Hatta gindin da muka ce a kafe yake, nazarin hotunan CT da Oto da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya same shi nesa da wurin McBurney da fiye da santimita 5 a wajen mutum ɗaya cikin uku.

Yadda mazauni ke sauya alamomi

Ciwon afendis hawa biyu ne. Na farko, ciwon kewayen cibiya, saƙo ne da jijiyoyin hanji ke kai wa laka a daidai gaɓa ta 10 ta ƙirji, kuma ba ruwansa da inda afendis yake. Na biyu, wanda mara lafiya ke iya nunawa da yatsa, yana zuwa ne lokacin da kumburin ya taɓa tantanin da ya lulluɓe bangon ciki. Wannan na biyun shi mazauni ke juyawa yadda ya ga dama. Saboda haka tambayar "ina ciwon ya fara?" ta fi "ina ke ciwo yanzu?" amfani, kuma ita ce muka fi mantawa idan layi ya yi tsawo.

Na bayan sikam shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sikam mai cike da iska ya shiga tsakaninsa da hannun likita, don haka ciki yana iya zama da laushi, danna marar ma ba ta sa mutum ya zabura. Ciwon yakan koma kwiɓi ko baya. Idan ya jingina da bututun da ke kai fitsari daga ƙoda, gwajin fitsari zai nuna ɗan jini ko ƙwayoyin mugunya, nan take a yanke hukuncin ciwon ƙoda. Idan ya kwanta a kan tsokar da ke ɗaga cinya, mara lafiya zai ƙi miƙe ƙafar dama.

Kowannenmu ya ga irin wannan saurayin. An kawo shi a kan mashin daga ƙauye, mahaifinsa na riƙe da shi, yana ɗingishi, ya ɗan sunkuya ta dama. An kwantar da shi, ƙafar hagu ta miƙe, ta dama ta tsaya a lanƙwashe.

"Baba, yaushe abin ya fara?"

"Likita, yau kwana shida ke nan. An ce taifod ce, an yi masa ƙarin ruwa a kemis, zazzaɓin ya ɗan sauka. To, shekaranjiya sai ƙafa ta riƙe."

Ba a tambayi yaron inda ciwon ya fara ba sai yanzu, sai ga shi ya ɗora tafinsa a kan cibiya. A juya shi ya kwanta a gefen hagu, a dafa ƙugunsa da hannu ɗaya, a ja cinyar dama baya a hankali. Kafin ta yi nisa zai cije leɓe ya kama hannun likita. Wannan gwaji, da makamancinsa na juya cinya ciki bayan an lanƙwasa gwiwa, suna cikin littafin Zachary Cope kan gane ciwon ciki na gaggawa da ya fara fitowa a 1921. Ba su buƙatar wuta, ba su buƙatar kuɗi, ba su kai minti biyu ba. Rashin samun su ba ya wanke afendis, amma samun su a irin wannan yaro ya isa a kira ɗakin tiyata.

Na kwarin ƙugu kuwa maƙwabtansa yake tayarwa. Ya taɓa dubura, sai gudawa da majina da yunƙurin bayan gida ba abin da ke fita, a ce atini ne. Ya taɓa mafitsara, sai yawan fitsari da zafinsa. Ga mace, ya taɓa bututun ƙwai ko mahaifa, sai ya ɗauki kamannin ciwon sanyi, ko na cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ciwon yana ƙasa, saman mara, ciki ba ya ƙagewa. Na san bincike ya nuna gwajin dubura da yatsa bai ƙara wani abin kirki ba ga wanda alamominsa suka fito fili. Amma ga mai zazzaɓi da gudawa da ciwon mara na kwanaki, yatsa ne ke fara jin zafin gefen dama ko tudun mugunya. Kunya ta sa mun kusan daina shi. Maganin kunyar shi ne bayani, da labule, da ma'aikacin jinya jinsin mara lafiya a tsaye, ba barin gwajin ba. Kuma duk macen da ke cikin shekarun haihuwa a yi mata gwajin ciki kafin a ce komai.

Na bayan ƙaramin hanji ba shi da yawa, amma yana da wuyar kamawa: amai da gudawa sun fi yawa, ciwon bai cika barin tsakiya ba. Na ƙarƙashin hanta yakan zo kamar ciwon matsarmama ko olsa.

Game da mai juna biyu, an daɗe ana koyar da zanen Baer na 1932, wanda ya nuna afendis na hawa wata bayan wata har ya kusa haƙarƙari. A 2000 Mourad da abokan aikinsa suka nuna cewa ciwon mara ta dama shi ne mafi yawa a kowane zango na ciki. Hawan yana faruwa, amma bai kai yadda aka zana ba. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne mahaifa ta ɗaga bangon ciki ta raba shi da afendis, alamar ƙagewa ta ragu.

Wani abin lura shi ne ma'aunin Alvarado na 1986 da muke amfani da shi kullum. Cikin maki 10, biyu na zafin danna mara ta dama ne, ɗaya na zaburar da ake yi idan an saki hannu, ɗaya na ƙaurar ciwo zuwa can. Maki huɗu ke nan da suka rataya ga afendis ya taɓa bangon gaba. Wanda nasa ya ɓuya zai iya rasa su duka alhali yana ruɓewa. Sikanin ma haka: hanyar danna ciki a hankali da Puylaert ya bayyana a 1986 tana aiki sosai idan an ga afendis ɗin ya wuce milimita 6 kuma ba ya matsuwa, amma iskar sikam na tare na bayansa. Takardar da ta ce "ba a ga afendis ba" sau da yawa dangi da ƙaramin likita suna karanta ta a matsayin "afendis lafiya lau". Ba haka take nufi ba.

Shin mazauni ke sa fashewa?

A nan masana suka rabu. Shen da abokan aikinsa, a nazarin da suka buga a 1991, inda suka bi marasa lafiya tun daga shigowarsu, ba su ga na bayan sikam ya bambanta da sauran ba a alamomi ko a tsanani. Guidry da Poole kuwa, a 1994, sun ga cewa waɗanda afendis ɗinsu ya ruɓe ko ya huje sun fi yawa cikin masu ɓoyayyen mazauni.

A ganina ba abu ɗaya suka auna ba. "Bayan sikam" ya haɗa iri biyu: wanda ke lilo a sake cikin aljihun bayan sikam, kumburinsa na iya isa bangon ciki, da wanda aka binne a bayan tantani, manne da tsoka. Idan aka zuba su a kwando ɗaya, na farkon ya rinjayi lissafi. Kuma yawancin irin waɗannan nazarce-nazarce a Amurka aka yi su, inda mutum ke isa asibiti da wuri, likitan fiɗa ya duba shi a daren. Bickell da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa haɗarin fashewa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba a sa'o'i 36 na farko, daga nan ya zama wajen kashi 5 a kowace sa'a 12 da aka ƙara ba magani. Idan haka ne, duk abin da ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan hanya ya ƙara haɗari. A wurinmu hanyar ta riga ta yi tsawo: jiƙo a gida, kemis, gwajin Widal da kusan kowa ke fitowa da shi, ƙaramin asibiti, neman kuɗin mota. Afendis mai bayyanannun alamomi yana gajarta wannan hanya don ciwon ba ya bari a zauna. Ɓoyayyen kuwa yana ba kowa damar ci gaba da zato.

Ba na cikin masu cewa kada a ba da maganin rage ciwo. An tabbatar ba ya hana likita gane ciwon ciki, kuma barin mutum na murƙususu zalunci ne. Abin tsoro shi ne allurar ciwo da maganin ƙwayoyin cuta a hannun wanda ba zai sake taɓa cikin ba bayan sa'o'i shida.

Inda mugunya ke bi

Bayan fashewa, tasirin mazauni ba abin musu ba ne. Wanda ke sake a tsakiyar hanji, gaba ko bayan ƙaramin hanji, ya fi watsa ƙazanta cikin ciki gaba ɗaya. A nan ne yake rikicewa da hujewar hanji ta taifod, wadda har yanzu muke gani a yaranmu. Duka biyun dai buɗe ciki suke so, sai dai wurin yanka ya bambanta. Ƙananan yara sun fi shiga wannan haɗari, domin mayafin kitsen da ke zuwa ya nannaɗe wurin kumburi bai gama girma a jikinsu ba.

Na kwarin ƙugu yakan tara mugunya a tsakanin dubura da mafitsara ko mahaifa. Zazzaɓi na hawa yana sauka, gudawa ba ta tsayawa. Ga yarinya, tabon da ya rage na iya manne bututun ƙwai, abin da ba za a ji labarinsa ba sai bayan shekaru, a asibitin masu neman haihuwa, ita kuma a gida ana ɗora mata laifi.

Na bayan sikam ya fi tsare mugunyarsa a wuri ɗaya, wanda alheri ne ta wata fuska, don yakan zama dunƙulen da za a iya lallaɓawa da magani da sa ido kamar yadda tsarin Ochsner da Sherren ya tanada. Amma idan yana bayan tantani, mugunyar na iya hawa gefen babban hanji zuwa ƙarƙashin hanta, ko ta kewaye ƙoda, ko ta bi kuben tsokar cinya ta ɓullo a matsematsi ko a cinyar kanta, a yi ta tsaga ƙurji ba a san tushensa a ciki yake ba. A kowane mazauni kuma ƙwayoyin cuta na iya bin jijiyar da ke kai jinin hanji hanta, su haifar da shawara da rawar ɗari da ƙurji a hantar.

A ɗakin tiyata da bayansa

Tun da Kurt Semm ya cire afendis da kyamara a Jamus a 1980, wanda ke da kayan aikin ya huta da neman wuri, ko'ina yake zai gan shi. Yawancin asibitocinmu na ƙananan hukumomi wuƙa ce har yanzu. Shawarata ga ƙananan likitoci ita ce a sake laluba cikin bayan an sa barci, tsoka ta saki, a yanka inda aka ji tudu ko inda ya fi zafi, ba inda zanen littafi ya nuna ba. Idan an shiga ba a gan shi ba, a kama zirin tsokar sikam na gaba a bi shi ƙasa, zai kai ga gindi. Idan bakin ya haura baya ya manne, a tsaga tantanin gefen sikam a mirgino shi ciki, ko a fara ɗaure gindi a bi zuwa baki. A faɗaɗa yanka tun kafin a fara ja da ƙarfi. Sau da yawa afendis ɗin da ke fashewa a hannun likita ta ƙaramar kafa aka nemi fizgo shi. A kuma aika abin da aka cire ɗakin gwaji, domin a yankunan fadama da madatsun ruwa ana samun ƙwan tsargiya a bangonsa, wanda ke buƙatar nasa maganin.

Maganar warkar da afendis da magani kawai, bayan gwajin APPAC na Finland a 2015 da CODA na Amurka a 2020, ta fara shigowa tattaunawarmu. A tuna cewa a can sai da hoto ya tabbatar da ciwon, kuma duk da haka fiye da kashi ɗaya bisa huɗu sun koma tiyata, a na farko cikin shekara, a na biyu cikin kwana 90. Ɗaukar wannan tsari a kai shi inda ba a ganin afendis ɗin, ga mutumin da gidansa ke nesa da asibiti, ganganci ne.

Roƙona ga sassan tiyata da ke wannan zauren ƙarami ne. A takardar bayanin tiyata a ƙara layi uku: ina bakin afendis yake, a sake yake ko a bayan tantani, kuma sa'a nawa tsakanin fara ciwo da yanka. A haɗa da wuraren da mara lafiya ya biya kafin ya iso da sunan ciwon da aka ba shi a can. Idan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, suka yarda da fom ɗaya da ma'ana ɗaya ta kowane mazauni, cikin shekara biyu za mu iya raba tasirin mazauni da na jinkiri a kan marasa lafiyarmu. Na zo da daftarin fom ɗin, zan raba shi bayan tambayoyi domin ku yi masa gyara.